STC-1000 a cikin firiza don haɗa yogot: na'ura na ƙas, ƙwan fitila ba ya kamawa

Maman Yogot

Assalamu alaikum. Don Allah masu wayarin da masu gyaran firij, ina neman taimako. Ina haɗa yogot lita 20 a kowane zubi, da garin madara. Da bazara ba matsala, awa biyar ya kama. Yanzu da hunturu ya shigo sai ya kwana bai kama ba, in ma ya kama sai ya tsinke ko ya yi yauƙi.

Aka ba ni shawara in sayi na'urar daidaita zafi STC-1000 mai 220V, in riƙa sa bokitin a cikin firizata ta kwance mai lita 200, a sa ƙwan fitila 100W ya ɗumama ciki. An haɗa kamar haka a ramukan bayan na'urar: wuta a lamba 1 da 2, sensa mai auna zafi a 3 da 4, wayoyin ƙwan guda biyu a 5 da 6. Na'urar na nuna lamba, fitilarta ta ɓangaren zafi na kamawa, har ana jin ƙas, amma ƙwan shiru. An gwada shi a wani wuri, lafiyarsa ƙalau.

Lalatacciya aka sayar min? Ina ya kamata in sa sensar? Me zan sa a F1 zuwa F4? Kuma zan iya haɗa ita kanta firizar a 7 da 8, ta yadda in yogot ya kama ta sanyaya shi da kanta?

Mai Wayarin

Wa alaikumus salam Hajiya. Na'urarki lafiya take, kada ki mayar. Lamba 5 da 6 ba sa ba da wuta, haka ma 7 da 8. Makunni ne kawai a ciki, wato rile, irin na jikin bango: in ba a kai masa wuta ta baki ɗaya ba, ba abin da zai fito ta ɗayan. Ƙas ɗin da kike ji shi ne makunnin yana rufewa a kan wayoyi biyu da babu wuta a kowacce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne akwai wata ƙaramar na'ura XH-W3001 da ita kai tsaye take fitar da 220V, wanda ya saba da waccan sai ya ɗauka duk haka suke.

Ga yadda za a haɗa, bayan an zare filogi daga bango gaba ɗaya, ba kashe makunni kawai ba. Kafin komai a duba zanen da ke manne a bayan na'urar, domin kwaikwayonta sun yi yawa a kasuwa kuma wasu na sauya jerin lambobin. A duba kuma cewa 220V aka yi wa alama, don akwai mai 12V da 24V da 110V, kamanninsu ɗaya.

Waya mai uku za ta shigo daga filogi, mai kaurin 1.5mm². Ruwan ƙasa ko ja ita ce layif, wato mai ɗauke da wuta, shuɗiya ko baƙa ita ce nutural, mai kore da rawaya ita ce at, wato wayar kariya ta ƙasa. A kai layif ɗin kan kwanekta, wato mahaɗar wayoyi, a raba ta gida uku: ɗaya zuwa lamba 1, ɗaya zuwa 5, ɗaya zuwa 7. Daga 6 a ɗauki waya zuwa ramin L na soket ɗin zafi, daga 8 a ɗauki wata zuwa ramin L na soket ɗin sanyi. Nutural ita ma a raba ta a wata kwanektar: ɗaya zuwa lamba 2, sauran biyu kai tsaye zuwa ramin N na kowane soket. At ba ta shiga na'urar ko kaɗan, kai tsaye za ta tafi soket biyun. Sensa a 3 da 4, ba ta da kai da gindi, duk yadda aka sa ta daidai ne.

Abubuwa uku nake so a kula da su. Layif ake yankewa da rile, ba nutural ba. In aka juya, ƙwan zai mutu ya kama daidai, ba wanda zai gane, amma holdar da ke cikin firiza mai danshi tana da wuta ko da ƙwan a kashe yake, ranar da aka sa jiƙaƙƙen hannu za a sani. Na biyu, a sayi soket guda-guda har biyu. Soket mai baki biyu na gidajenmu layif ɗinsa a haɗe yake ta ciki, ba ya rabuwa. Na uku, kada a cusa waya biyu ko uku a rami ɗaya na bayan na'urar. Sukurorin ƙanana ne, in suka yi sako-sako wurin ya ɗauki zafi, robar ta narke. Shi ya sa na ce a raba a kwanekta. Bayan an ɗaure, a ɗan ja kowace waya a tabbatar ba ta zamewa, kuma kada gashin waya ko ɗaya ya leƙo waje, musamman tsakanin 2 da 3: in 220V ta taɓa ɓangaren sensa, na'urar ta tafi.

A saka komai a akwatin roba mai murfi, a huda gurbi mai 71mm da 29mm, a manna akwatin a waje, nesa da inda ruwa ke zuba. A sa fis 10A a filogi, tunda rile ɗin 10A aka rubuta masa. A rubuta ZAFI da SANYI a jikin soket da maka mai kauri.

Shiga saiti: a danne S na daƙiƙa uku har F1 ta bayyana. Kibiyar sama da ta ƙasa na zagaya F1 zuwa F4: F1 shi ne zafin da ake so, F2 tazarar da za a kauce masa kafin na'urar ta kunna, F3 mintunan jinkirin tayar da kwamfuresa (injin sanyin firiza), F4 gyaran karatu. In an zo kan wanda ake so a danna S, sannan a riƙe S ana danna kibiya don sauya lambar. In an gama a danna maɓallin kunnawa sau ɗaya, shi ne yake adanawa. Wanda ya bar ta ta fita da kanta, saitin da ya yi ya zube.

Gwaji kafin a sa madara: a sa ƙwan a soket ɗin zafi, a saita F1 digiri biyu sama da abin da na'urar ke nunawa. Ƙwan zai kama. A damƙe sensa a tafin hannu, lamba ta hau, ƙwan ya mutu. A mayar da ƙwan soket ɗin sanyi a ci gaba da riƙe sensar: fitilar sanyi za ta yi ta ƙiftawa na ɗan mintuna, sannan ƙwan ya kama. Ƙiftawar nan ba lalacewa ba ce, jinkirin F3 ne.

Mai Gyaran Firij

Malam ya gama da wayarin, amma a tambayarki ta ƙarshe akwai tarko, Hajiya. Zanen da ke yawo a intanet, mai soket biyu suna aiki lokaci guda, na masu haɗa giya a gida ne a Turai da Amurka. Su suna so su tsayar da abinsu a wajen digiri 18 zuwa 20 na kwanaki, don haka in ya hau firij ya ja shi ƙasa, in ya sauka hita ta ɗaga shi. Ke kuwa aiki biyu ne a jere: awa biyar a digiri 43, sannan a gangara zuwa 4. STC-1000 lamba ɗaya ta sani, ba ta da agogo, ba ta san yogot ya kama ba. Ke za ki sauya F1 da hannunki.

In kika bar soket biyun a jone kina kan 43, ga abin da zai faru. Ƙwan ya mutu a 43, amma ɗumin da ya tara ya ci gaba da turawa zuwa 43.6, na'urar ta ga an wuce iyaka ta tayar da kwamfuresa. Bangon firiza ya yi sanyi ƙarara, zafi ya faɗi zuwa 40 ko ƙasa, ƙwan ya sake kamawa. Haka za su kwana suna kokawa, kuɗin wuta ya tafi, kwamfuresa ta galabaita, yogot bai samu tsayayyen zafi ba.

Maganin mai arha: makunni mai hanya biyu, irin wanda ake sa wa fitilar matakalar bene, mai ramuka COM da L1 da L2. Maimakon a kai layif 5 da 7 kai tsaye, a kai ta COM, L1 ya tafi 5, L2 ya tafi 7. Yanzu ko yaro ya taɓa saiti, ɓangare ɗaya ne kawai ke da wuta. In ba a samu ba, a zare filogin firiza lokacin ɗumi, a zare na ƙwan lokacin sanyi, amma mantuwa ba ta da rana.

Saitin sanyi: F1 a 4, F2 a 2, F3 a 5 ko sama. Ma'ana kwamfuresa ta tashi a 6 ta tsaya a 4. Kada a bar F2 a 0.5 da ta zo da shi daga kamfani, tashi da tsayawa zai yi yawa. F3 kuwa shi ne ran kwamfuresa. In ta tsaya, gas na ɓangare ɗaya a matse yake, sai ya ɗauki mintuna kafin ya daidaita. In aka tayar da ita kafin nan, ba ta iya juyawa, sai ta yi gurnani, obalod, wato makunnin kariyarta, ya yi ƙas ya yanke, ta sake gwadawa, a haka koyil ke ƙonewa. Shi kuma mabuɗin sanyi na jikin firizar a murɗa shi zuwa ƙarshe a bar shi, don kada ya riga na'urar yankewa.

Firiza mai lita 200 ba ta cika wuce 1A zuwa 1.5A tana tafiya ba, amma lokacin tashi tana fizgar ninki biyar ko fiye na ɗan lokaci. Rile mai 10A na ɗauka. In firizar ta fi haka girma, ko irin ta kanti mai gilashi, a sa kwantakta, wato babban rile, mai koyil 220V, kamar CJX2-1210: waya daga 8 ta shiga A1, nutural ta shiga A2, ita kuma firizar ta bi ta manyan ramukan kwantakta. Rile ɗin na'ura sai ya zama koyil kawai yake kunnawa.

Sai batun ƙarancin wuta. An yi na'urar don 220V da sassaucin kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, wato in wuta ta faɗi ƙasa da 198V ba a ba ki tabbaci ba. Rile ɗin kan fara karkarwa, bakinsa ya yi ta tartsatsi har ya manne. Kwamfuresa ita ma a ƙaramar wuta ta fi shan wahala. In layinku na yawan yin ƙasa, a jona akwatin gaba ɗaya a bayan sitabilaiza. Ƙaramin janareta na 650W zuwa 950W zai riƙe ƙwan da fanka ba ko gezau, amma kada a dogara da shi wajen tayar da firiza.

Abu na ƙarshe, kuma da babbar murya: kada a huda bangon firiza. Bututun sanyi a manne yake a bayan bangon ciki, na zafi a bayan bangon waje, ba a ganinsu. Yawancin sababbi gas ɗinsu R600a ne, kuma yana kama wuta, a duba takardar da ke baya za a gani. Wayar sensa da ta ƙwan su bi ta ƙarƙashin robar murfi ta wajen baya, ko ta ramin zubar da ruwa na ƙasa in akwai. Makunni da soket duk su zauna a waje.

Malamar Sarrafa Madara

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren madara zan zo, domin ana iya haɗa waya daidai yogot ya ƙi.

'Yar'uwa, ki fara cire tunanin cewa ƙwan zai ɗumama miki madara. Ɗaga lita 20 na madara da digiri ɗaya na cin wajen kilojul 80. Ƙwan 100W a awa guda kilojul 360 yake bayarwa, wato digiri huɗu da ɗan abu, ko da ba a yi asarar komai ba. In kika sa bokiti a digiri 30, awa uku aƙalla kafin ya kai 43, kuma a awannin nan ƙwayoyin da ba ki gayyata ba su ma suna cin nasu rabon. Aikin ƙwan shi ne ya riƙe zafin da kika shigo da shi. Ki kunna shi minti 30 kafin ki sa bokiti don cikin firizar ya kai 43, madarar kuma ta shiga da zafinta.

Ga awon da ke fitar da yogot mai jiki: garin madara mai cikakken mai kilo 3 a ruwa lita 18, zai ba ki kusan lita 20. A ɗora har digiri 85, a riƙe a nan minti 30 ana juyawa, ko 90 zuwa 95 na minti 5 zuwa 10. Mutane na tsallake wannan saboda garin madara ai a dafe yake. Dafawar ba don kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ce, har da na ruwan da aka dama da shi, tana kuma sauya furotin ɗin madarar ya iya riƙe ruwa. Yogot ɗin da ba a dafa madararsa sosai ba shi ne ke tsatstsafo da ruwa a sama. Sai a sauke, a sa tukunyar a baho mai ruwan sanyi har ta sauko 44 zuwa 45, a zuba iri kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wato 400ml zuwa 600ml na sabon yogot marar sukari. A fara dama irin da ɗan madarar a kofi ya saki, sannan a juye, a juya sosai, a rufe. Iri mai sanyi zai sauko da ita digiri ɗaya, ta tsaya a 43, daidai inda ake so.

Ƙwayoyi biyu ne ke aikin, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, kuma a 42 zuwa 43 suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Awa 4 zuwa 6 ya isa. Ƙasa da 38 aikin na jan ƙafa, kuma yauƙi ya fi fitowa. Sama da 46 tsami ya yi yawa, jiki ya yi gari-gari, ruwa ya ware. Daga 50 zuwa sama irin ya fara mutuwa. Saboda haka F1 a 43, F2 a 0.5: ƙwan ya kama a 42.5 ya mutu a 43. F3 ba ruwansa da ɓangaren zafi.

F4 na gyaran karatu ne, kuma kada a raina shi, tunda kuskuren na'urar na iya kaiwa digiri ɗaya. Ki sayi ma'aunin zazzaɓi mai lamba a kemis. Iyakarsa wajen 32 zuwa 42 ne, amma a tsakanin nan ya fi na'urar daidai nesa ba kusa ba. Ki haɗa ruwa mai ɗumin wajen 40 a filas, ki tsoma shi tare da sensa, ki jira minti uku. In ma'aunin ya ce 40.0 na'ura ta ce 41.0, ki sa F4 a −1.0. Gwaji a ruwan ƙanƙara na nuna miki gaskiyarta a sifili ne kawai, alhali aikinki a 43 yake.

Sensa kuwa, ni a jikin bokiti nake ba da shawara: a tsakiyar tsayinsa, a ɓangaren da ba ya kallon ƙwan, a manna da salatif, a rufe da guntun soso mai kaurin yatsa biyu don ta ji bokitin ba iska ba. Kada a tsoma ta a madara. Mahaɗar kan da wayar wuri ne da ba ya wankuwa.

Maman Yogot

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. An gyara wayarin, an sa makunni mai hanya biyu, ƙwan na kamawa yana mutuwa. Yogot ya kama a awa biyar. Saura matsala biyu. Na sa bokiti babba ɗaya da ƙananan robobi na rabin lita guda goma. Bokitin ya yi kyau, amma robobin da ke kusa da ƙwan sun yi tsami sun fitar da ruwa. Sannan da na juya zuwa sanyi da daddare, da safe na tarar gefen bokitin ya yi ƙanƙara, tsakiya kuwa ya fi yadda na bar shi tsami. Kuma in an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗumi fa?

Mai Injin Ƙyanƙyasa

Hajiya, robobinki sun dahu ne, kuma da izinin Malama, a nan ne manna sensa a babban bokiti ke da illa. Lita 20 ba ta motsi da wuri. In bokitin ya sauka 42.5, ƙwan na iya ci rabin awa ko fiye kafin sensa ta ga 43, a lokacin kuwa iskar da ke kusa da ƙwan ta haura 50. Bokiti bai ji ba, robar rabin lita ta ji. In mazubi iri ɗaya ne, shawarar Malama daidai ce. In an gauraya manya da ƙanana, sensa ta bi mafi ƙanƙanta: ki cika roba ɗaya irin tasu da ruwa mai ɗumin 43, ki huda murfin, ki zura sensa har tsakiya, ki ajiye ta a cikin 'yan'uwanta.

Amma babban abin da ya rage miki fanka ce. Iska mai zafi sama take taruwa, ba fanka za ki samu bambancin digiri da yawa tsakanin ƙasan firiza da murfi. Fankar kwamfuta mai 12V, 8cm ko 12cm, da adafta 12V 1A sun isa. Ta riƙa hura ƙwan kai tsaye, kuma ta yi ta juyawa ba tsayawa: a jona adaftarta a wuta ta dindindin, ba a soket ɗin zafi ba, in ba haka ba duk sanda ƙwan ya mutu ita ma ta mutu.

Shi ƙwan kansa, 60W guda biyu sun fi 100W guda ɗaya, don in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan na riƙe. Dole ya zama tsohon yayi mai zare, ƙwan LED ba ya ba da zafin da zai yi aiki. Holda ta tangaran, a ɗaure a kan katako, a kifa masa gwangwani mai huji-huji. Gwangwanin na tare haske, wanda ke ɓata ɗanɗanon madara, yana kuma tare ɗigon gumin murfi, domin ɗigo ɗaya a kan ƙwan mai zafi na iya fasa shi. A bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango da robobi. In ƙwan mai zare ya yi wuyar samu, masu sayar da kayan injin ƙyanƙyasa na da wayar ɗumi ta kabon mai 33 om a kowace mita. Mita 15 a kan 220V na ba da kusan 98W. Kada a gajarta ta da sunan rage zafi, akasin haka ne: mita 7 za ta ba da sama da 200W, rigarta ta ƙone. A shimfiɗa ta a firam ba tare da ta hau kan junanta ba.

Ki ƙara abu ɗaya mai arha: makunnin kariya na zafi KSD301 mai 60°C, irin wanda a rufe yake sai ya ji zafi ya buɗe. A yanka layif da ke zuwa ƙwan a sa shi a tsakani, a ɗaure shi can sama a cikin firizar, a rufe ƙafafunsa da kyau. Ranar da rile ya manne, ko sensa ta zame ta faɗo waje tana karanta sanyin ɗaki, shi zai yanke kafin robar firiza ta narke.

In an ɗauke wuta, kada ki buɗe murfi. Firiza rufaffiya da lita 20 a 43 na sauka a hankali, awa ɗaya ko biyu ba sa ɓata komai, sai dai ki ƙara lokaci kaɗan. In za a daɗe, ki sa galan biyu na lita 4 da ruwa mai zafin 50 zuwa 55, kada su jingina da yogot. Mai sola ko batir kuwa yana iya yin ɓangaren ɗumi gaba ɗaya a 12V: STC-1000 mai 12V ko wata ƙaramar na'urar daidaita zafi W1209, da ƙwan mota 55W wanda ke jan wajen 4.6A, waya 2.5mm², fis 10A dab da kan batir. Ko da ƙwan bai mutu ba ko sau ɗaya, awa shida bai kai 30Ah ba, batir 100Ah ya wadatar.

Malamar Sarrafa Madara

Na yarda da gyaran Malam a kan ƙananan robobi. Batun tsami kuma lissafi ne. Sauko da lita 20 daga 43 zuwa 5 na nufin cire wajen kilojul 3,000. Firiza irin taki za ta kwashe awa biyar ko fiye a kan wannan, kuma yogot da ya kama ba ya zagayawa kamar ruwa, sanyi daga gefe yake shiga da rarrafe. Gefen da ya taɓa bango ya daskare, tsakiya na nan sama da 30 ƙwayoyin na ci gaba da aiki. Ba sa lafawa sosai sai an sauko ƙasa da 20, ba sa kusan tsayawa sai ƙasa da 10.

Ki daina bokiti ɗaya, ki raba a mazubai huɗu masu lita 5. Ki cire su da zarar sun kama: in kin karkata mazubin ya motsa a dunƙule, ɗanɗano kuma bai kai tsamin da kike so ba tukuna, domin zai ƙara a hanya. Mai takardar awon tsami (pH) ya cire a 4.6 zuwa 4.7. Ki jera su a baho da ruwa da ƙanƙara kilo 6 zuwa 8 na kusan awa ɗaya. A wannan lokacin ki buɗe murfin firiza ta huce, ki cire ƙwan da gwangwaninsa, ki juya makunni zuwa sanyi, ki sauya F1 da F2 yadda Mai Gyaran Firij ya faɗa. Ki shimfiɗa katako a ƙasa, ki bar yatsa uku tsakanin mazubai da bango, fanka ta ci gaba da juyawa. Sensa a nan ta rataya a iska a tsakiya, ko ta zauna a robar ruwa mai sanyi. In kika bar ta manne da mazubi mai ɗumi, kwamfuresa ba za ta tsaya ba sai duk abin da ke gefe ya zama ƙanƙara. Sukari da kayan ƙamshi bayan ya yi sanyi, ko kuma sukarin ya shiga tun wajen dafawa in bai wuce kashi 8 cikin ɗari ba, don yawansa na rage wa iri ƙarfi. Irin gobe kuma a ɗebe shi tun kafin a sa komai, kuma a sabunta shi bayan zubi huɗu ko biyar.

Mai Wayarin

Ƙari biyu kafin wani ya faɗa ciki. In na'ura ta nuna EE tana ƙara, sensa ce ta yanke ko wayoyinta suka haɗe, galibi a inda murfin firiza ke matse ta. A zare ta a auna da mita: wajen 10k om a digiri 25, wajen 5k a 43, wajen 27k a ruwan ƙanƙara. In za a sayi wata, a nemi NTC 10k mai lambar B 3435. Ta W1209 kamanninsu ɗaya amma 3950 ce, kuma in aka sa ta a STC-1000 za ta nuna kusan 46 alhali ainihin zafin 43 ne. A digiri 25 duk biyun daidai suke karantawa, shi ya sa gwajin cikin ɗaki ba ya tona asirinta. Ƙara tsawon waya ba laifi, mita biyu ko uku da waya mai biyu, a yi soda a rufe mahaɗar kada danshi ya shiga, kuma kada a ɗaure ta tare da wayar 220V.

Na biyu, kada a ce tunda na'urar na kaiwa 99 bari a jona hitar dafa madarar a soket ɗin zafi. Hita 3000W a kan 230V na jan 13A, ta wuce ƙarfin rile, ko 2000W ma da ke jan kusan 9A na tsawon lokaci ya yi masa yawa. Wannan aikin na buƙatar na'ura ta biyu da kwantakta 25A, waya 2.5mm², layinsa daban mai bireka, da at a jikin tukunya. Akwatin firizar ma, tunda ruwa da wuta ne a wuri ɗaya, a sa masa RCD mai 30mA a gaba, wato birekar da ke yankewa in wuta ta zurare, a riƙa danna maɓallin gwajinsa duk wata.